Izini Kafin Ci-rani

A ƙasarmu ta Gaya, idan an cire gyaɗa, an girbe dawa an kai rumbu, sai maza su fara kakkaɓe jakunkunansu. Wannan ya nufi Legas, wancan Fatakwal, wani kuwa Kano ce iyakarsa. Ci-rani ke nan. Kafin namiji ya tafi yakan tsara gidansa tsaf. Zai gaya wa ɗan'uwansa wanda zai riƙa zuba wa jaki harawa. Zai nuna buhun da za a fara ɓarkewa da wanda ba za a taɓa ba sai ya dawo. Zai ce idan tunkiya ta yi kaza a yi mata kaza. Jaki ma ana barin wasiyya a kansa. Abu ɗaya ne, tun ina yarinya har haƙorana suka zube, ban taɓa jin namiji ya tsara ba: idan naƙuda ta zo wa matarsa da gardama yana can, wa zai ce a fita da ita.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi sallah da shi. Amma na binne 'ya a kan wannan magana, don haka ina da bakin faɗa.

Autata ce. An kai ta aure wani ƙauye a ƙasar Ajingi. Haihuwar fari a ɗakina ta yi kamar yadda aka saba, yaron bai zauna ba. Ta biyu a gidan miji ta same ta, mijin yana Kudu, lokacin kuwa babu wayar hannu. Da hantsi aka aiko mini, na je na tarar ta gaji, muryarta ta dushe. Ranar kasuwar Ajingi ce, ga wata a-kori-kura a ƙofar gida ta zo ɗaukar gyaɗa, mai motar ya ce shi a shirye yake. Ga uban mijin a zaure, ga yayan mijin, ga maƙwabta. Na tsaya bayan zana ina roƙo, don suruka ba ta shiga zauren surukai.

Uban ya ce, "Matar ɗana ce, ba tawa ba. In ya dawo ya ce wa ya fitar masa da mata, me zan ce masa?"

Yayan ya ce, "Baba na zaune, ni wane ne da zan yi magana?"

Maƙwabta suka ce a ƙara jiƙa rubutu. Aka ce in yi haƙuri. Suka zauna, suka gyara zama, suka ƙara gyara zama. Motar ta gaji da jira ta tafi da gyaɗarta. Da la'asar yarinya ta faɗo, jini ya biyo ta, bai tsaya ba. Kafin rana ta faɗi an rufe wa autata fuska.

Da damina ta kusa mijin ya dawo. Ya yi kukansa, ya share ido, ya dubi ubansa da yayansa ya ce, "Ai da kun kai ta."

Suka ce kwana ne ya ƙare. Kwana na Allah ne, ban musa ba, ba kuma zan musa ba. Amma a tsawon rayuwata ban taɓa ganin cikin bijimi ya kumbura an shimfiɗa tabarma a zaure ana jiran izinin mai shi ba. Da gudu ake nemo malamin dabbobi, wani ko takalmi ba ya tsayawa sakawa.

Jaririyar ni na ɗauko. Na goya ta, 'yar ƙanwata da ke shayarwa ta ba ta nono, ta girma a ɗakina a ƙauyenmu na gefen Kademi. Jika ce, amma riƙon 'ya na yi mata. Da ta isa aure ta zaɓi wani yaro manomin gyaɗa daga wajen Balan, wanda shi ma da rani yakan tafi Kudu ya yi acaɓa. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san inda zan kama shi. Shi irin mutanen nan ne masu jin kunyar abokai, waɗanda dariyar majalisa ta fi musu wuta zafi. Da yake ni na riƙi matarsa, suruka ya ɗauke ni. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya dubi ƙasa, ni kuma in dubi bango. Shekara da shekaru maganarmu ba ta wuce ina kwana da yaya gida ba.

Jikata ta haifa masa uku a jere, na baya bai fara tafiya ba na gaba ya shiga. A haihuwar ta uku jini ya zuba ba kaɗan ba, amma Allah ya tsayar. Ba ta gama maida jiki ba sai ga wani cikin. Na lissafa da watannin gona, na ga zai faɗo tsakiyar rani, lokacin da ba namiji a gari sai tsofaffi da masu jiran gida.

Ana nan, ana nan, sai zaɓen kansila ya zo a ƙarshen kaka. Mutum biyu ne ake maganarsu a mazaɓarmu. Ɗaya mai babbar riga ne, mai turare, wanda idan ya zo wucewa sai ka ji ƙamshinsa kafin ka ga motarsa. Shi taliya yake rabawa da sabulu da atamfa, maza kuma huluna. Ɗayan direban bas ne da ke jigila tsakanin ƙauyukanmu da Gaya, siriri, mai tari, wanda wuyan rigarsa ya sha wanki har ya yi gashi.

Ranar wani suna a unguwarmu direban ya nemi izinin mai gida, ya tsaya a soro, mu mata muna ciki muna ji ta bayan katanga. Muryarsa ma ba ta da ƙarfi, sai da aka tsawata wa masu daka.

Ya ce, "Iyayena da yayyena, ni ba ni da taliya."

Wata daga ciki ta ce, "To Direba, atamfa fa?"

Ya ce, "Inna, leƙo ki ga rigar da ke wuyana, sannan ki sake tambaya."

Aka yi dariya. Ya jira dariyar ta lafa, sannan ya ce shi abin da ya tsayar da shi kujerun motarsa ne. Ya ce ya gaji da wanke jinin mata daga kujerun nan, matan da ba a kira shi ba sai da magana ta ƙare. Akwai waɗanda ya ɗauko da rai ya sauke babu. Ya ce idan ya ci, ɗakin shan maganin nan na mazaɓa, da awaki ke kwana a barandarsa, sai an zaunar da ungozoma mace a ciki, wadda ta yi karatun abin. Ya ce macen da jikinta ya gaji, take son ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa, a ba ta abin hutun ba tare da an harare ta ba, don jikin nata ne, ita ce kuma ke kwanciya a bakin kabari duk lokacin da ta durƙusa.

Sannan ya ce, "Akwai wanda ko ban ci ba za ku iya. Kada mijinki ya sa ƙafa a motar ci-rani sai ya faɗa a gaban shaidu cewa ya yarda a kai ki asibiti, ko yana nan ko ba ya nan. Magana ce ta numfashi ɗaya. Na ga ta kashe mata da yawa don ba a faɗe ta ba."

Ina zaune a kan turmi. Ban san lokacin da goron da ke hannuna ya faɗi ba. Tun ranar da aka rufe wa autata fuska nake jiran in ji wani namiji ya faɗi wannan magana da bakinsa, sai ga shi ta fito daga bakin mai tari.

Kafin a watse maganar ta isa majalisar maza a gindin tsamiya. Nan take suka raɗa masa suna, Kansilan Masu Jego. Wani ya ce a saya masa zani ya ɗaura. Wani ya ce Turawa ne suka turo shi ya ƙarar da haihuwa a ƙasar Gaya. Bature, wai, ya rasa wanda zai aika sai mutumin da motarsa ba ta tashi sai an tura.

Ku dube su, masana haihuwa. Abin da namiji ya sani game da haihuwa shi ne a fito a ce masa barka, ya shafa gemu kamar ya yi wani aiki, ya je ya taya rago. Bai taɓa ganin zanin da ake wankewa a bayan ɗaki ba. Bai san warin jini idan ya yi yawa ba. Su ne kuma masu ihun al'ada, al'ada. To ni na girme su, na kuma san al'adar. A zamaninmu mace shekara biyu take shayarwa, malamai ma haka suke faɗa. Wadda ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da goyo a bayanta, ba ta iya fita rijiya don kunya, mijinta kuwa har waƙa 'yan mata ke yi masa a dandali. Mu muka san hutun haihuwa tun Bature bai san hanyar Gaya ba. Waɗannan sun tsince al'adar da ke musu daɗi sun riƙe, wadda ke buƙatar haƙurinsu kuwa sun jefa ta bayan danga, sannan su zauna a inuwa suna koya mini abin da kakanni suka yi.

Daga ranar na zama 'yar siyasa, ni da ban taɓa sanin ana yi ba. Tsohuwa ba ta neman izinin shiga gidan kowa, wannan ce ribar tsufa. Na sa direban ya nuna mini hoton alamar jam'iyyarsa, na haddace shi kamar fuskar ɗan da na haifa. Na ɗauki sandata na shiga gida gida. Inda ake ɓarar gyaɗa in zauna in taya, inda ake murza ƙuli in zauna in taya, bakina yana aikinsa.

Wata ta ce, "Iya, mai gida ya riga ya gaya mana inda za mu dangwala."

Na ce, "Tare kuke shiga lungun dangwalawar?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "Tare kuke durƙusawa ranar naƙuda?"

Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Wata ta ce ita ta riga ta karɓi taliya, tana tsoron cin amana. Na ce ta dafa ta ci da yaranta, ta sa manja da yaji, taliya ba rantsuwa ba ce. Na kuma hana su ƙunshi har sai an gama zaɓe, don na ji ana cewa na'urar nan ta tantance masu zaɓe ba ta son yatsa mai lalle, ban kuma yarda a mayar mini da mata gida a kan kwalliya ba.

Shugabar matan mai babbar riga ta tare ni a bakin rijiya, wata mai ƙiba da zobba har a ɗan yatsa. Ta ce, "Iya, da tsufanki da komai kin koma yawon kamfen? Ke da haihuwa ai kun yi sallama, me ya dame ki?"

Na ce, "Da haihuwa mun yi sallama, 'yar nan. Da wankan gawa ne ba mu yi ba. Ni ake kira idan an gama, ke kuwa ranar suna kaɗai ake ganinki."

Ta ja mayafinta ta wuce.

Duk wannan yawon da nake yi, abin da ke ci na yana cikin gidan jikata. Mijinta ya karɓi hula, ya liƙa hoton mai babbar riga a tankin babur ɗinsa. Ta same shi a ɗaki ta roƙe shi ya faɗi maganar nan kafin ya tafi. Ta zo ta gaya mini amsarsa, ƙafafunta a kumbure, cikin idonta fari fat kamar audugar da aka gurje.

Wai ya ce, "So kike a ce na koma jam'iyyar masu jego? Yanzu ai zamani ya canza, akwai waya. In abin ya tashi a kira ni."

Waya. A garinmu sai an hau kan suri a bayan makabarta ake samun sabis. Shi kuma a can, in ba a ce caji ya ƙare ba, a ce yana kan babur bai ji ba, in ba haka ba a ce ɓarayi sun fizge. Wannan ce igiyar da yake so a rataya ran jikata a kai.

Ranar zaɓe na yi sammako, na dangwala wa mai tari, na fito ina duban yatsana. Mata da dama sun yi mini ido a layi. Amma ba mu isa ba. Mai babbar riga ya ci. Samari suka ɗaura wa wani jaki zani, suka rataya masa hoton direban a wuya, suka zagaya gari da shi ana kiɗa. Dattawan tsamiya suka yi dariya har da riƙe ciki. Jakin ne kaɗai a cikinsu ya san an yi abin kunya, don kansa a sunkuye yake.

Faɗuwar nan ta ƙara ɗaure mini magana. Izini ya zama abin barkwanci a gari. Idan mutum zai tashi daga majalisa ya je bayan gida sai wani ya ce masa, "Ka nemi izini a gaban shaidu?" Mijin jikata kuwa ya sa ranar tafiya. Ya zo ya tsuguna mini, ya dubi ƙasa, na dubi bango, na ce Allah ya kiyaye hanya. Suruka ba ta da abin da ya wuce wannan.

Bayan ya fita na zauna ina juya abin. Sai na tambayi kaina, wai ni wa ya ce suruka ce? Ban haifi yarinyar nan ba, uwarta na haifa. Ni kaka ce. A wajenmu kuwa kaka da mijin jikarta abokan wasa ne. Takan kira shi angonta, ta tsokane shi a gaban kowa, ta faɗa masa abin da ko uwarsa ba za ta faɗa ba. Shi kuma ba shi da ikon fushi, don wanda ya yi fushi da wasan kaka shi ne gari zai yi wa dariya har ya tsufa. Goyon da na yi ne ya sa na ajiye wannan haƙƙi nawa a ƙarƙashin gado. Na sunkuya na ɗauko abina.

Da safe na ɗaura zanina mai kyau, na ɗauki sanda, na nufi bakin titi inda ake shiga motar Gaya. Maza sun cika wurin, masu tafiya da masu rakiya. Ga yayansa, ga na'ibin liman yana shan shayi, ga abokansa da hulunansu iri ɗaya kamar 'yan tsaki. Yana tsaye da jaka a kafaɗa. Na je na kama igiyar jakar, na naɗe ta a hannuna.

Na ce, "Angona, haka ake yi? Ka tsallake amarya ka gudu ba sallama?"

Ya juyo, ya ga ni ce, ya fara neman inda zai tsuguna. Ya ce, "Iya..."

Na ce, "Yau babu Iya. Surukarka tana kwance a ƙasar Ajingi, in tsugunno kake so je ka can. Ni kaka ce, ni da kai wasa ne. Miƙe."

Mai shayi ya ce, "To fa, amarya ta biyo ango tasha." Wurin ya ɗauki dariya. Shi ma dole ya yaƙe haƙora.

Na ce, "Jakinka wa ka bar wa?"

Ya ce, "Yaya."

"Tunkiyarka mai ciki fa, in haihuwa ta zo mata a karkace?"

"Yaya zai kira malamin dabbobi."

"Sai ya hau suri ya kira ka tukuna?"

Ya ce, "Haba amarya, ai ya riga ya sani."

Na ce, "Madalla da ango mai tsari. To ita wadda ta haifa maka uku, take ɗauke da na huɗu, wa ya riga ya sani?"

Dariyar ta ragu. Wani daga cikin masu hula ya ce, "Iya, siyasa ta wuce. Direbanku ya sha ƙasa."

Na ce, "Ya sha, ɗana. Naku ya ci. In jini ya ɓalle mata sai a dafa mata taliyar, ko a wanke ta da sabulun?"

Ya gyara hularsa ya kau da kai. Motar ta cika, direbanta yana danna hon. Angona ya ja jakar a hankali, na ƙara naɗe igiyar. Ba zai iya fizgewa daga hannun tsohuwa a gaban jama'a ba, shi ya sani, ni ma na sani. Sai ya nemi ya tsere ta ƙofar wasa. Ya ce, "To shi ke nan amarya, na ba ki izini, ki je asibiti a dasa miki haƙora."

Aka sake dariya. Na ce, "Na gode, zan je. Saura ita."

Na'ibi ya ajiye kofinsa ya ce, "Faɗi mana, malam. Ba haram ta roƙe ka ba."

Ya dubi abokansa, ya dubi motar, ya ce, "Na yarda a kai ta."

"Ko kana nan ko ba ka nan."

"Ko ina nan ko ba na nan."

"Da duk abin da malaman asibiti suka ga ya dace da ita. Har da hutun haihuwa in ta nema."

A nan ya dubi ƙasa. Ban sani ba ko zanin jinin da ya gani a bayan ɗaki bara ne ya faɗo masa, don wancan karon yana gari. Can ya ce, ƙasa ƙasa, "Har da shi."

Na ce, "Kunnen amaryarka ya tsufa."

Ya ɗaga murya ya ce, "Har da shi."

Na juya. "Malam Na'ibi, ka ji? Mai shayi, ka ji? Yayansa, kai ma ka ji?" Kowa ya ce ya ji. Na warware igiyar, na ce, "Allah ya kai ka lafiya, ka riƙo mini ɗan kunne."

Kwanci tashi rani ya tsaya sosai, watanta ya kama. Na kwashe tabarmata na koma ɗakinta. Wata safiya abin ya tashi. Hantsi ya yi, rana ta take, ba labari, ga fuskarta ta kumbura, tana cewa tana ganin duhu duhu. Na san wannan hanyar, na taɓa bin ta. Na aika a gaya wa yayan mijin a nemo mota.

Shiru. Na leƙa, sai ga shi a ƙofar zaure ya ɗaga waya sama yana juyawa kamar mai neman wata. Maƙwabta sun fara taruwa, wani har ya ɗauko tabarma. Na ji yana cewa, "Bari dai a ji daga bakinsa."

Wannan karon ban tsaya bayan zana ba. Na ratsa zauren na tsaya a gabansa. Na ce, "An ji daga bakinsa. Ka ji, na'ibi ya ji, mai shayi ya ji. In ka manta, in aika a kira su su tuna maka."

Ya dube ni, ya dubi tabarmar, ya sa wayar a aljihu. Ya hau babur da kansa ya tafi bakin titi. Motar da ya samu tana lodi ta mai tari ce, ya koma sana'arsa. An ce da ya ji, sai ya ce fasinja su sauka. Wani mai hula ya ce, "Kansilan Masu Jego ya samu aiki." Ya ce, "Sauka, Alhaji. Ko ta gidanka ce haka zan yi."

Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata, yayan mijin a gaba. Har muka isa asibiti a Gaya ban ɗaga hannuna daga goshinta ba. Ba a jima ba yarinya ta faɗo, jini ya biyo ta, sak yadda ya biyo uwarta ranar da aka haife ta. Amma a nan akwai hannuwa. Aka yi allurai, aka rataya ruwa, aka ce ana neman jini. Yayan mijin ya miƙa hannunsa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai yana ganin allurar ta shiga ya sulale, sai da aka yi masa fifita. Mutumin da na sha ji yana cewa haihuwa ai ba ciwo ba ce, tsinken ƙarfe ɗaya ya kwantar da shi.

Jinin ya tsaya. Da la'asar jikata ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Kafin a sallame mu wata malamar asibiti ta zauna da ita, ta ce jikin nan yana buƙatar hutu mai tsawo, ko tana so? Ta ce tana so. Malamar ta ce, mai gidan fa, kada a koma a yi rigima. Na ce ya yarda, da bakinsa, a bakin titi, a gaban na'ibi. Suka sa mata ɗan abin hutun haihuwar nan da mata ke kira ashana a ƙarƙashin fatar dantse.

Da ruwan fari angona ya dawo, da ɗan kunnena a aljihu, na roba. Ya ɗauki yarinyar yana juya ta, aka ba shi labari. Ya gyara hula ya ce, "Ai dama ko ba a tambaye ni ba, cewa zan yi a kai ta."

Na taɓa jin ƙanwar wannan magana a wani zaure a ƙasar Ajingi. Na ce, "Haka ne, angona." Ban dubi bango ba, cikin idonsa na duba, shi ya sunkuyar da kai.

Ɗakin shan maganin mazaɓarmu har yau awaki ne a barandarsa. Mai babbar riga tun ranar kiɗan jaki ba mu sake jin turarensa ba. Mai tari ya ce zai sake tsayawa, dattawan tsamiya sun ce za su sake nemo zani. Su nemo. Yatsana yana nan, ban sa masa lalle ba.

Jiya jikata ta zo gaishe ni. A ƙafa ta tako daga Balan, ta yi kumatu, da ƙullin ƙuli a kanta. Yarinyar tana biye da ita tana tafiya daɓas daɓas, riƙe da gefen zaninta. Na dubi bayan jikata, ba goyo. Na dubi gabanta, a shafe. Ta ce, "Iya, me kike kallo?" Na ce ta miƙo mini ƙulin, in jiƙa.